Shagon bugu da firam na Asafo: yadda suka yi da zanen Bosse da Callot

Idan za ka kai aikin zanen layi shagon nan na unguwar Asafo a Kumasi, ka tabbata mai shagon ne da kansa zai zauna gaban kwamfuta. Hannu biyu ke aiki a wurin, na Masta da na yaronsa, kuma tsakaninsu akwai tafiya mai nisa. Na ga aikin kowannensu a kan hoto ɗaya, shi ya sa nake faɗa da ƙarfi. Ba zan kama sunan shagon ba, tunda cikin maganar akwai ƙorafi. Wanda ya san layin 'yan bugu na Asafo, inda ko'ina ka juya fosta ce ta jana'iza ko ta ɗan takara, ya san irin wurin: ɗaki biyu, na gaba da injina, na baya da katako da gilashi, janareta a bakin ƙofa an ɗaure shi da sarƙa. Masta ɗan Zango ne, Hausa muka yi da shi tun daga sallama har biyan kuɗi.

Ni tsohon malamin Faransanci ne, na yi ritaya, yanzu ni ke riƙe da littafin ƙungiyarmu ta taimakon juna a Aboabo. Aikinmu ba wani mai yawa ba ne. Abincin buɗa-baki da azumi, likkafani da kuɗin haƙa kabari a maƙabartar Tafo idan wanda ba shi da kowa ya rasu, dubiya a asibitin Komfo Anokye, da sabulu da gari da muke kai wa 'yan kurkukun Adum kafin Sallah. Da muka samu ɗan ofis, aka ce a nemi abin sa wa bango. Wasu suka ce hotunan shugabanni, na ce wannan rigima ce, don sai an yi faɗa a kan wa zai hau sama. Sai na kawo maganar wasu zane guda bakwai da na daɗe ina koyar da yara da su, na wani Bafaranshe mai suna Abraham Bosse, waɗanda ya yi wajen 1635 a kan ayyukan jinƙai: ciyar da mai yunwa, shayar da mai ƙishi, tufatar da wanda ba shi da sutura, saukar da baƙo, duba mara lafiya, ziyarar ɗan kurkuku, da binne mamaci. Shida daga ciki Kiristoci sun ɗauko su ne daga sura ta 25 ta Linjilar Matiyu, na binne mamaci kuma daga baya aka ƙara shi daga littafin Tobit. Da na karanta jerin a taro, Hajiya ma'ajiyarmu ta ce, "To Malam, ai wannan littafin kuɗinmu ka karanto." Da haka aka amince.

Samun hotunan ba wuya. Tun Fabrairun 2017 gidan tarihin Metropolitan na New York ya saki hotunan tsofaffin kayansa a intanet, kowa ya sauke kyauta ya yi abin da ya ga dama da su. Na sauke manyan fayil, na zuba a filasha. Bayan bakwai ɗin na ƙara ɗakin majinyata na asibitin Charité na Faris, shi ma na Bosse, da mabarata huɗu na Jacques Callot, wanda Faransawa ke kira Kalo.

Kafin in faɗi abin da shagon ya yi, sai na faɗi yadda aka yi waɗannan zanen tun asali, don a nan duk maganar take. Ba fenti ba ne, ba kuma hoton kamara ba. Farantin jan ƙarfe ake samu a shafe shi da wani mai wanda asid ba ya ci. Mai zane ya ɗauki allura ya yi ta zane a kai, duk inda allurar ta bi ta kankare man. Sai a zuba asid, ya ci ƙarfen a daidai wuraren nan kawai, ya bar 'yan ramuka sirara. A wanke, a cusa tawada cikin ramukan, a goge saman farantin tas, a ɗora takarda mai danshi, a tura su tsakanin gungume biyu na injin matsa. Takardar ce ke tsotso tawadar daga ramukan. Saboda haka a irin wannan zanen babu ruwan toka ko kaɗan. Baƙin layi ne da farar takarda. Abin da idonka ke gani kamar inuwa, layuka ne aka jera kusa da juna, aka gitta musu wasu, da ɗan farin takarda yana leƙowa tsakaninsu. Ka toshe wannan ɗan farin, ka kashe hoton.

Callot, wanda aka haifa a Nansi wajen 1592 ya kuma rasu a can 1635, shi ya gyara sana'ar. Yana aiki a Fulorans ta Italiya, a gidan sarautar Medici, ya bar man shafe mai taushi da aka saba da shi ya koma ga wani mai tauri da masu ƙera kayan kiɗa ke shafa wa katako, haɗin ƙaro da man ɗan itace. Wannan ba ya ɓarewa, don haka kana iya tsoma farantin a asid, ka fitar, ka rufe wurin da ya isa, ka sake tsomawa don wani wurin ya ƙara zurfi. Ya kuma yi aiki da wata allura mai baki a karkace, wadda in ka ɗan murza ta a hannu layin ya yi kauri, ka mayar ya sirance. Bosse, ɗan wani tela daga garin Tur, ya ɗauki wannan dabara ya rubuta ta a littafi a 1645, littafin da aka yi ta sake bugawa ana fassarawa. Shi burinsa layin asid ya fito tsaf kamar wanda aka sassaƙa da ƙarfe kai tsaye, kuma ya kai ga hakan. Zanensa sun kai wajen 1,600.

To wannan ne na miƙa wa yaron shago, don ranar Masta ya fita sayen takarda. Yaron mai ladabi ne, ya ba ni kujera, ya ce, "Baba, ku turo ta WhatsApp kawai." Na ce a'a, WhatsApp matse hoto yake yi ya zubar da rabinsa, ga filasha. Ya karɓa ba musu. Da na dawo ganin gwaji, ya ɗauko na kurkuku yana murmushi, don a ganinsa ya yi mini gwaninta.

Abu uku ya yi. Ya buga a takarda mai sheƙi, irin ta hoton biki. Ya yanke baitocin Faransanci da ke ƙasan zanen, ya ce rubutun ya tsufa ba ya karantuwa, sannan ya ja hoton don ya cika takardar, har mutanen ciki suka yi ƙiba. Na uku shi ya fi ɓata mini rai: ya ƙara wa baƙin ƙarfi don hoton ya "fito". A zanen Bosse, attajiri da matarsa sun shigo kurkuku cikin ado, haske na kansu, su kuma ɗaurarru suna gefe inda inuwa ta fi yawa, ga sarƙa, ga taga mai ƙarafa. Da yaron ya danna baƙin nan, leshin wuyan matar ya ƙara haske, kowane ɗan zare ya tsaya da ƙafarsa. Ɗaurarrun kuwa suka narke cikin bango. Inda ya kamata ka ga fuskar mutum da ninkin tsummansa da ƙarfen da aka ɗaure shi da shi, sai wani baƙin dunƙule mai ƙyalli. Na duba sauran gwajin da ya yi, haka abin yake ko'ina. Ba mugunta ba ce, tsarin zanen ne ya jawo: Bosse ya fi sa mai bayarwa a haske, mai karɓa kuma yakan faɗo inda layuka suka fi cunkushewa, don haka duk injin da ya toshe layi talakan zai fara cinyewa.

Na ce da yaron, "Ɗana, wa muka zo dubawa a kurkukun nan?" Ya kalli takardar ya yi shiru.

Masta ya shigo muna cikin haka. Bai kare yaron ba, bai kuma zage shi a gabana ba, wanda na ji daɗinsa. Ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko ɗan gilashin nan mai ƙara girma da 'yan bugu ke duba ɗigon tawada da shi, ya ɗora a kan gwajin, ya buɗe fayil ɗin asali ya ƙara girmansa a allo, ya dubi wannan ya dubi wancan. Sai ya ce, "Ticha, wannan ba hoto ba ne, rubutu ne. Yadda ake buga rubutu za a buga shi." Daga nan na san mun dace.

Abin da ya yi bayan nan shi ne dalilin da zan sake komawa. Ya mayar da hoton girmansa na gaskiya. Na Bosse ba su wuce kamar santimita 26 a 33 ba, don haka suna zama a takardar A3 da fili a gefe, har da baitocin. Ya kashe duk wani gyaran da injin ke yi da kansa. Ya bar babban injin da suke buga fosta da bana, ya koma wani ƙarami mai tawadar da ya ce ba ta kodewa da wuri, ya kuma sa shi ya yi baƙi zalla, don idan aka bar injin ya haɗa baƙi daga launuka, gefen kowane layi sai ya yi ɗan kore ko ɗan ja. Sannan bai buga hoto gaba ɗaya ba. Ya yanko kusurwar da ta fi duhu, ta ɗaurarrun, ya buga ta ƙanana-ƙanana a jere a takarda iri uku, muka fita bakin ƙofa muka duba a hasken rana. Takarda mai kauri marar sheƙi, mai ɗan ruwan madara, ita ta ci. A kanta fuskokin suka dawo. Bai caje ni kuɗin wannan gwajin ba, kuma bai caje ni ɓarnar yaron ba.

Akwai abin da babu injin da zai iya, kuma shi da kansa ya faɗa. A bugun asali tawada tana ɗan tudu a kan takarda, kuma gefen farantin yana barin shaidarsa, wani ɗan lotsawa mai kusurwa huɗu. Namu shafe yake lumui. Kwafi ne, kuma ba wanda ya yi mini ƙaryar ba kwafi ba ne.

Da aka gama bugun na zauna da su a gida ina kallo da tabarau, abin da allon waya bai taɓa ba ni dama ba. Bosse ɗan tela ne da gaske. Babu maɓallin da ya tsallake. Faffaɗar hula da gashin tsuntsu, takalmi mai dogon wuya da aka naɗe bakinsa, ƙyallen wuya mai leshi da ya sauko kan kafaɗa, yadda siket ke karyewa idan mace ta ɗan sunkuya. Masana tarihin tufafi har yau wurinsa suke zuwa su ga abin da mutanen Faris ke sawa zamanin Sarki Luwi na 13. Mabaratansa ma tsaf suke, tsummansu a jere, sandunansu a miƙe, suna karɓa cikin ladabi. A nan ne ni da shi muke rabuwa. Wanda ya taɓa raba abinci a ƙofar babban masallacin Kumasi ranar Juma'a ya san ba haka abin yake ba. Ana turereniya, ana rantsuwa, wani ya karɓa ya zagayo ya sake shiga layi, kai mai rabon kana gumi kana faɗa. Bosse ya zana sadaka ne yadda mai bayarwa ke son ya tuna da ita, kuma ba abin mamaki ba ne, don mai bayarwar ne zai je titin San Jak, inda masu sayar da irin waɗannan zanen suka taru, ya saya ya kafa a ɗakinsa. Shi kansa Bosse ɗan Furotesta ne a ƙasar da Katolika ke da rinjaye, amma ya zana musu liman da jerin gwanon jana'izarsu ba tare da ya rage komai ba. Mai sana'a ne, ya san masu sayen kayansa.

Na asibitin Charité, wanda ya yi wajen 1639, shi ya fi ba Masta wahala, kuma shi ya fi kyau da aka gama. Dogon ɗaki ne, gadaje masu labule a jere dama da hagu suna ƙanƙancewa har can ƙurya, ga manyan mutane maza da mata sun zo hidimar majinyata. Duk layukan daɓe da na rufi suna tafiya su haɗu a wuri ɗaya. Wannan shi ne abin da Bosse ya fi so a duniya, lissafin nisa da kusa a zane, wanda ya koya wurin abokinsa masanin lissafi Girard Desargues. Shi ya koyar a makarantar zane ta sarki tun 1648, kuma a kan taurin kansa game da shi aka kore shi a 1661. Idan aka ja irin wannan hoton ko da kaɗan, ɗakin sai ya karkace. A bugun Masta na ɗora rula, layukan sun haɗu inda ya kamata.

Zamanin da aka yi zanen nan zamanin tashen jinƙai ne a Faransa. Wani limamin Katolika, Vincent de Paul, ya kafa ƙungiyar mata masu duba marasa lafiya a gida a 1617, sannan a 1633 shi da Louise de Marillac suka kafa ta 'yan mata masu hidimar talakawa, wadda har yau tana nan a ƙasashe da yawa. Amma abin da nake so 'yan ƙungiyarmu su sani, har na sa aka buga shi a ɗan kati aka liƙa ƙarƙashin hoton ciyarwa, shi ne abin da ya biyo baya. A Afrilun 1656 sarki ya fitar da doka ta kafa abin da suka kira Babban Asibiti. Aka hana bara a Faris, aka riƙa kama mabarata ana kulle su a gidaje irin su Salpêtrière da Bicêtre ana sa su aiki, har dubbai. Dokar ba ta tsaya kan mai roƙo ba: wanda ya miƙa wa mabaraci sadaka hannu da hannu a titi shi ma tara ce a kansa. Wato shekara ashirin da 'yan kai bayan Bosse ya zana miƙa gurasa a matsayin aikin lada, irin wannan miƙawar a titi ta zama laifi. Mu ma nan Gana akwai dokar hana bara tun 1969, ko da yake mutane da yawa ba su san da ita ba, kuma a Mayun 2025 jami'an shige da fice sun kwashe baƙin mabarata sama da 2,000 daga titunan Ankara, babban birninmu, da yawansu masu jin yaren da nake rubutu da shi ne. Kowa na da ra'ayinsa a kan wannan, ni ma ina da nawa, amma ba shi na zo yi ba.

A kan Callot ne muka ɗan ja da Masta. Mabaratan nan, waɗanda ya yi wajen 1622 bayan ya koma gida daga Italiya, faranti 25 ne, kowanne bai wuce tafin hannu ba, kamar santimita 14 a 9. Masta ya ce ba wanda zai biya kuɗin firam don abin da sai ya matso zai gani, a hura su su kai A3 kamar sauran. Na ce a gwada ɗaya. Muka hura makahon da ke tafe da karensa. Layin da Callot ya ja da murza allura guda, ya fara siriri ya kumbura ya sake sirancewa, da aka hura shi sai ya koma kamar an ja da gawayi. Bai yi muni ba, amma ba shi ba ne. Muka tsaya a girman asali, aka jera su huɗu a firam ɗaya da faffaɗan kwali fari kewaye da kowanne. Wannan dabarar kwalin tasa ce, kuma ta yi.

Su huɗun nan su na fi so a duk aikin. A wurin Callot babu attajiri, babu gida, babu titi. Mutum ɗaya ne tsaye a farar takarda da 'yar inuwarsa a ƙasa: makaho da kare, uwa da 'ya'yanta uku, mai ƙafar katako, tsohuwa da kuliyoyinta. Ba ya sa ka tausaya musu dole, wasunsu ma in ka dubi idonsu ka san sun fi ka wayo. Mutanen da suka zo ofis sukan wuce na Bosse da "tubarkalla", amma a gaban waɗannan suke tsayawa, har wani dattijo ya rantse ya san mai ƙafar katakon a Alabar. Ina kiran Callot Bafaranshe ne don sauƙi. A zamaninsa ƙasarsu Loren tana da sarautarta daban, sai 1766 ta shige Faransa, kuma a 1633 sojojin Faransa ne suka mamaye Nansi. A shekarar ce aka buga zanensa 18 na masifun yaƙi, inda bayan ƙone-ƙone da rataya za ka ga sojojin da suka yi ɓarnar sun dawo guragu suna jan gindi zuwa ƙofar asibiti, wasu suna mutuwa a bakin hanya da ƙoƙon bara. Shi ya nuna inda mabaratan ke fitowa, abin da Bosse bai taɓa tambaya ba a cikin bakwai ɗinsa.

Limaminmu, wanda yake ɗan kwamiti ne, ya yi magana a kan rataya surar mutane, kuma maganarsa tana kan hanya. Muka yi sulhu: babu ko ɗaya a ɗakin da muke salla, duk suna baranda da ɗakin taro. Shi ne ma da ya gama dubawa ya kawo hadisin nan na Muslim inda Allah ke cewa ɗan Adam na yi rashin lafiya ba ka duba ni ba, na nemi abinci ba ka ciyar da ni ba, na nemi ruwa ba ka shayar da ni ba, da ayar Suratul Insan mai ambaton miskini da maraya da kamamme. Sai ya nuna matar mai leshi da sandarsa ya ce, "Amma Malam, wannan hannun hagunta ya san abin da na dama ya bayar, har maƙwabta sun sani."

Yanzu firam, inda yabon zai ragu. Katakon ba laifi. Na zaɓi siririn sapele da aka shafa wa mai kawai, kusurwoyin sun haɗu ba gibi, gilashin an yanka shi daidai, kuma kwalin da aka kewaya hoton da shi ya hana takardar taɓa gilashi, wanda yake da muhimmanci a garin da ke da danshi irin Kumasi. Amma da na juya bayan, sai na ga kwalin katan ne na kayan shago aka yanka aka toshe da shi, an kuma kama hoton da farin selotef na masu fenti. Irin wannan kwalin yana shan danshi, da damina zai yi fumfuna, shi kuma selotef ɗin yana bushewa ya bar rawayan tabo. Mutumin da ya tsaya da gilashin ƙara girma a kan fuskar ɗaurarre, bai kamata ya rufe bayanta da katan ɗin taliya ba. Da na yi magana ya ce haka kowa ke yi a layin, kuma ba a taɓa dawo masa da aiki ba. Na ce masu fostar jana'iza mako guda suke buƙatarta. Ya canza mini da allo siriri mai kyau, amma sai da na ƙara kuɗi, kuma biyu daga ciki an manta ba a sa musu ƙugiyar ratayewa ba, kafintan unguwa ya sa mana.

Alkawarin lokaci ma ba su da shi. An ce mini Alhamis, Alhamis ta zama wata Alhamis. Ɗauke wuta ya taka rawa, don Masta ba ya yarda ya kunna ƙaramin injin da janareta, yana tsoron ya ƙone, kuma wannan na fahimta. Abin da ban fahimta ba shi ne rashin kira. Ka hau mota daga Aboabo ka sha cunkoso, ka iske aikinka a jingine an tura shi gefe saboda wani ya kawo fostar jana'iza ɗari biyar ta Asabar. Na san ita ke biyan haya. Kiran waya ɗaya ai ba zai karya shago ba.

Kuɗi kuwa, bugun ba shi da tsada idan ka duba takardar da lokacin da aka ɓata a gwaji. Firam ne ke cin kuɗi, kusan ninki uku na bugun. Suna karɓar momo, wato kuɗi ta waya, suna son rabi kafin a fara, rasit kuma sai ka tambaya. Ni da yake kuɗin ƙungiya ne kuma Hajiya ba ta wasa, na tsaya sai da aka rubuta komai dalla-dalla aka buga hatimi. Akwai masu yi ƙasa da haka a layin, na leƙa biyu, duk laminetin suka ce za su yi wa hoton su manna a katako. Wanda ke son abin da zai goge da tsumma, ga su nan.

Wani abu ya faru ranar da na je ɗauka. Cikin filashar akwai wasu zanen Bosse da ban sa a buga ba, na rayuwar yau da kullum: malamin makaranta zaune da tsumagiya yaro na tsaye gabansa yana biya karatu, mai ɗinkin takalmi da yaransa, da masu tallan titin Faris, mai ruwa da bokitansa biyu, mai sharar bututun hayaƙi, mai maganin ɓera. Masta ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ya kai kan na 1642, ɗakin 'yan bugu. Mutum ɗaya yana cusa tawada a faranti, ɗaya yana gogewa da tafin hannu, na uku ya kama hannun injin ya taka da ƙafa yana ja da dukkan ƙarfinsa, ga takardu an shanya a igiya. Ya kira yaron ya ce ya zo ya ga kakanninsa. Ya roƙe ni izinin buga wa kansa ɗaya, na ce ba nawa ba ne balle in hana, na kowa ne. Yaron ya sa ya buga, yana tsaye a kansa, kuma na ga sakamakon: ya fito da kyau, baitoci da komai.

Wanda zai kai musu irin wannan aikin, ko tsohuwar taswira, ko shafin rubutun ajami na kakansa, ko duk wani abu da layi siriri ne ransa, ya tafi da fayil babba a filasha, ya nemi Masta, ya ce a yi masa gwajin wurin da ya fi duhu kafin a buga duka, ya kuma juya firam ya duba baya kafin ya cika kuɗi. Ya guji ƙarshen mako, Laraba zuwa Juma'a na masu jana'iza ne. Ni zan mayar musu da masu tallan titi da malamin makaranta bayan Sallah, don makarantar dare da muke yi wa yara masu dako a kasuwar Kejetia, kuma na riga na gaya wa Masta allon baya ni zan sayo da kaina.